Amincin da Gishirin Keana Ya Ƙulla

Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, kai, tun kafin zuwan Turawa, gishiri ya riga ya haɗa Keana da ƙasar Hausa. Matan Alago ne ke tace ƙasar gishiri, su dafa ruwanta har ya ƙafe, fatake kuma su ɗaure kaya su nufi kasuwannin arewa. Cinikin nan ba kuɗi kaɗai ya riƙe shi ba. Falke na buƙatar mai masaukin da zai ba shi ɗaki, ya adana masa dukiya, ya tsaya masa in an samu saɓani. Shi kuma mai masauki yakan yarda da mutumin da ba zai sake gani ba sai rani ya zagayo. Irin wannan amana ce ke rikiɗewa ta zama abota, har 'ya'ya su gaje ta. A ganina, a nan muke da sakaci a yau: mun iya cin moriyar tsohon amini, amma nauyin baki ya hana mu gode masa, sai ranar ta'aziyya a shiga jero alheransa. Alhali yaba kyauta tukuici ne. Garin Keana, inda Alago da Hausawa da Tibi da Fulani ke cin kasuwa ɗaya, ba abin da zai tsare masa zaman lafiya kamar irin wannan aminci. Mai karatu, in kana da aminin da ya jure maka shekara da shekaru, taka ka je ka gode masa tun yana raye.