Azumin Lent a makarantun kwana: kada a ajiye magani

A shekarar 2026 'yan ɗarikar Katolika sun shiga azumin Lent ranar Larabar Toka, 18 ga Fabrairu, kusan tare da watan Ramadan, bikin Ista kuma ya faɗo ranar 5 ga Afrilu. A makarantun mishan na Kafanchan, Zonkwa da Kagoro za ka ga ɗalibai da alamar toka a goshi, ranar Juma'a kuma su fito addu'ar Hanyar Gicciye. Abu ne mai kyau yaro ya tashi da son ibada. Amma akwai abin da nake so iyaye da malamai su sani.

A makon jiya wata uwa ta shigo kantina a nan Kafanchan, hankalinta a tashe. An kira ta daga makarantar kwana, 'yarta mai shekara 15, mai ciwon sikila, ta kwanta da ciwon ƙashi. Na ce, "Mama, ko maganinta ne ya ƙare?" Sai ta zazzage jakar yarinyar a gabana, ga ƙwayoyin folic acid da na rigakafin zazzaɓi ba a taɓa ba. Ashe ita da ƙawayenta sun yi alƙawarin ba ci ba sha daga ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma, ta kuma ɗauka haɗiye ƙwaya zai karya mata azumi.

Wa ya ɗora mata wannan? Ba Coci ba. Dokar Cocin Katolika ta 1983 ta wajabta azumi ne a kan mai shekara 18 zuwa 59, a ranaku biyu: Larabar Toka da Juma'ar tunawa da gicciye Yesu. Ko a ranakun ma, ana cin cikakken abinci sau ɗaya, a ɗan taɓa wani abu sau biyu, kuma ba a hana ruwa ba. Ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a kuwa yana farawa daga shekara 14. Hatta sa'a ɗaya da ake kame baki kafin karɓar Jibin Ubangiji, dokar ta cire ruwa da magani. Mara lafiya kuma an ɗauke masa azumin. Ke nan yawancin 'yan sakandare azumin bai hau kansu ba tukuna.

A wajen mai sikila, ƙarancin ruwa a jiki na sa jini ya yi kauri, ƙwayoyin jinin su toshe ƙananan jijiyoyi, daga nan ciwo ya tashi. Ga shi lokacin ya faɗo a ƙarshen hunturu da shigowar zafin Maris, sa'ad da jiki ke bushewa da sauri. Mai farfaɗiya idan ya tsallake magani, faɗuwa na iya dawowa a tsakiyar aji. Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin, idan ya yi ta bai ci abinci ba, sugan na iya sauka har ya suma. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem ana shan sa sau shida cikin kwana uku, kuma sai da abinci mai ɗan maiƙo yake shiga jiki sosai. 'Yan mata masu shan ibuprofen ko diclofenac saboda ciwon mara, shan su da wofin ciki na iya tayar da gyambon ciki.

To, iyaye, ku rubuta wa makaranta ciwon yaronku da sunan maganinsa da lokacin sha, ku damƙa wa mai kula da ɗakin shan magani, kada ku bari a akwatin yaro. Ku kuma roƙi Fada ya yi masa magana da kansa. Na lura yaron da ya ƙi jin maganata, idan Fada ya ce masa "sha maganinka", nan take yake sha.

Shugabannin makarantu, ku bayyana wannan doka a wajen taron safe, yadda ba wanda zai ji kunyar shan ruwa a gaban abokansa. Ranar da babu nama, kada a bar tuwo da miya tsurarta. Wake, kifi, ƙwai, awara da kunun gyaɗa duk sun halatta, faten acca da wake ma abinci ne cikakke. 'Yan ajin ƙarshe na shirin jarrabawar WAEC, kuma ƙwaƙwalwa ba ta karatu da yunwa. A tanadi ruwan gishiri da suga: ƙulli ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Idan ɗalibi ya fara jiri, fitsarinsa ya yi ja, ko ya rikice, a ba shi ya sha. Wanda ya suma kuwa kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

Ku kuma ɗalibai, Lent ya tsaya ne a kan addu'a, azumi da sadaka. Wanda jikinsa ba zai ɗauki yunwa ba, yana iya barin alewa da gulma, ya raba garinsa da ƙuli-ƙulinsa da wanda ba a kawo wa ziyara ba.

Yarinyar nan ta yi kwana huɗu a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, yanzu ta koma aji da gorar ruwa a hannu. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya karɓi ibadar masu azumi baki ɗaya. Sai mako mai zuwa.