Sassaben zamani: icen da ke cikin gona na wane ne?

A watan Yuli na shekara ta 2020 gwamnatin Nijar ta fito da doka kan sassaben zamani, wato renon itatuwan da suke tsirowa da kansu cikin gona. Dokar ta tabbatar wa manomi hakkinsa a kan icen da ya rena. Manoma sun riga ta da shekaru fiye da 30.

A da, idan damina ta kusa, manomi yakan share gonarsa fes, ya sare kowane tsiro, ya ƙone. Dokar gandun daji ta 1974 ta sanya itatuwa kamar gawo a ƙarƙashin tsaron hukuma, wanda ya taɓa su kuwa sai a ci shi tara. To, wa zai reni abin da zai jawo masa tara? An yi ta dasa itatuwan waje daga lambunan reno, amma akasarinsu sun mutu saboda fari da awaki.

A 1983, a jihar Maraɗi, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostiraliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu ta yi nisa cikin ƙasa. Aikin ba wuya: a zaɓi kututturen sabara, ko kalgo, ko aduwa, ko magarya, a bar rassa kaɗan masu ƙarfi, a yanke sauran, a kare su daga dabbobi. Da yunwar 1984 ta zo, an haɗa aikin da rabon abinci. Da rabon ya ƙare, mutane da yawa sun sake sare nasu. Waɗanda suka bari suka sami itacen girki da abincin dabbobi, iska kuma ta rage binne shukarsu da rairayi. Daga nan maƙwabci ya ga na maƙwabci.

A cikin shekarun 2000 masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a Maraɗi da Damagaram. A Mirya da Magarya da Matamai gawo ne ya cika gonaki. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana hatsi rana, ganyen kuma taki ne.

Wannan ya kamata masu aikin Babbar Koriyar Ganuwa, wadda Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007, su yi la'akari da shi. A ganinmu, kuɗin da ake kashewa wajen dashe ya fi amfani idan aka sa shi wajen tsaron abin da ya riga ya tsiro.

Tsaron kuwa shi ne mai wuya. Ana shiga gonar mutum da dare a sare masa ice. Makiyayi na bukatar ganye da rani. Wanda ya ari gona ba ya son ya yi wa mai ita reno, mata da yawa kuma ba su da gonar kansu, alhali su ne masu neman itace. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaro, suka sa mata da Fulani makiyaya a cikinsa, suka kuma tsayar da tarar da za a ci duk wanda aka kama yana sara.