Awo Kafin Ɗuri

A Amurka mutum kan sake cika harsashi a gida, da ma'auni da littafin awo. A Nijeriya Dokar Makamai ta 1959 ta haramta wa ɗaiɗaikun mutane haka. Abin da ya rage wa matashin Mainika, a yankin Gwarzo da Kabo, shi ne bindigar toka mai lasisi. Ita ma ba a koyon ɗurinta a YouTube. Idan albarushi ya wuce kima, bututu kan fashe. Idan aka ɗura a kan ragowar tartsatsi, yakan tashi a hannu. Hodar harsashin zamani kuwa ta fi ƙarfin ƙirar maƙera. Don haka kada Sarkin Baka ya fita farauta da yaro sai ya ƙware a gaban gwani. Yatsan da ya guntule ba ya tohowa.