Abin da Matsi Ke Tonawa a Cikin Tagulla

Duk wayar lantarki tana cin wani kaso na wutar da ta ɗauko, ta mai da shi zafi. Amma akwai sinadaran da in sun yi sanyi sosai, wuta ke ratsa su ba tare da asarar ko ƙwayar zarra ba. A 1986 Bednorz da Müller, a ɗakin binciken IBM na Zurik, suka gano wannan hali a wani haɗin tagulla da oksijin, a wajen digiri 238 ƙasa da sifili. Shekara na zagayowa suka karɓi kyautar Nobel.

Paul Chu na Jami'ar Hustan ya matse wannan haɗi, sai ya ga yana jure ƙarin ɗumi. Shi da abokan aikinsa suka yi dabara: maimakon na'urar matsi, a cire lantanom ɗin da ke cikin haɗin a sa itiriyom mai ƙananan ƙwayoyi, sinadarin ya matse kansa. A 1987 suka kai digiri 180 ƙasa da sifili, inda ruwan naitirojin mai araha ya isa sanyayawa. Daga baya wani haɗi mai zaiba ya kai 109 ƙasa da sifili, amma a ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar duniya sau kusan 300,000.

Jaridu kan tsaya a nan, suna ƙirga wa ya zarce wa. Kuskure ne. Wa zai ja wa gari waya a tsakanin tsinin daiman biyu, inda ake samar da irin wannan matsi?

Amfanin matsi na haƙiƙa shi ne tona asiri. A cikin waɗannan sinadarai ilektoron na da hali biyu da ke zaman kishiyoyi: ko su haɗu bibbiyu su kwarara ba cikas, ko su jeru layi-layi, nan cunkus can fayau. A 2012 hasken eksire ya nuna wannan jeri a haɗin itiriyom, ya kuma nuna yana raunana da zarar kwararar ta kankama. A 2018 masana a Kalsruhe ta Jamus suka matse sinadarin ta gefe guda, jerin ya ƙara ƙarfi, kwararar ta ja baya. In kuwa aka matse shi ta ko'ina, kwararar ce ke samun galaba. Shin jerin gushewa yake yi? Nan gwaje-gwaje suka saɓa, kuma wannan saɓani ya fi kowace sabuwar lamba daraja, domin matsi na sauya tazarar ƙwayoyi ba tare da an cusa baƙon sinadari ya dagula lissafi ba.

Tseren lamba kuwa an ga inda ya kai. Mujallar Nature ta janye maƙalu biyu na Ranga Dias, wanda a lokacin yake Jami'ar Rocesta, a 2022 da 2023, waɗanda suka yi iƙirarin samun wannan kwarara a ɗumin ɗaki.