Katin ma'aikacin kuɗi: a rage ado, a bar abin da ake iya tabbatarwa

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, da ma cikin birorin gomnati, ya zama al'ada in an gama tattauna wata harka mutum ya sa hannu aljihu ya miƙa ɗan ƙaramin kati mai ɗauke da sunansa, wanda Faransawa ke kira carte de visite. Tela ko mai ɗaukar hoto yana iya cika nasa da zane da launi, ba wanda zai ga laifinsa, tunda ado shi ne sana'arsa. Amma ma'aikacin banki, da kwantabul mai riƙe da littattafan lissafin ƴan kasuwa, da dillalin inshora, da shugaban asusun ajiya da bashi, nasu katin wani abu ne daban, domin abin da suke nema wurin jama'a shi ne a danƙa musu amanar dukiya.

Mutanen ƙasar nan kuwa suna da dalilin yin taka-tsantsan. A shekarar 1990 bankin BDRN, wanda ya kasance babban bankin raya ƙasa, ya durƙushe, masu ajiya suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, tamma ɗaya ta Faransa ta tashi daga sefa 50 zuwa 100. Alhajin da ya ga waɗannan abubuwa da idonsa, ko ya ji su daga bakin mahaifinsa, ba ya sakin jiki don ya ga ruwan zinariya a kan takarda. Abin da yake dubawa shi ne: wane ne wannan, a ina yake aiki, wa ya ba shi izini, ina za a same shi ranar da magana ta tashi.

Saboda haka katin mai aikin kuɗi ba ya bukatar fiye da abubuwa biyar: sunan mutum, muƙaminsa guda ɗaya, sunan ma'aikatarsa da tambarinta, lambar tarho, sai adireshin biro tare da na imel. Sunan ya zama yadda yake a takardun ɗan ƙasa, harafi da harafi, domin ranar da za a sa hannu a kan yarjejeniya ko a rubuta caki, bambancin harafi ɗaya yana iya tsayar da aiki. Lambar tarho ɗaya ta isa, ko biyu in ta matsa, a rubuta ta bibbiyu yadda aka saba, tunda lambobin Nijar takwas ne, a kuma sa +227 a gaba. Wannan ƴar alama tana da amfani ƙwarai ga wanda ke hulɗa da Katsina, Kano ko Kwatano, domin abokin ciniki na ƙetaren iyaka ba zai tsaya tambayar lambar ƙasa ba. Katin da aka jera wa lambobi biyar kuwa, abin da yake gaya wa mai karɓa shi ne ba a san wadda ake ɗauka ba.

Wurin muƙami ne aka fi zamewa. Ana ganin katin da mutum ɗaya ya rubuta kansa babban darakta, masanin lissafi, mashawarcin zuba jari, mai shige da ficen kaya, kuma ɗan kwangilar gini. Yawan magana ba ya rasa ƙarya, in ji masu iya magana. Bayan haka ma akwai sunayen da doka ta tsare. Dokar banki ta ƙasashen UMOA, wadda Nijar ke cikinsu, ta hana duk wanda bai samu izini ba ya kira kansa banki ko ma'aikin banki mai zaman kansa, ko ya yi amfani da irin waɗannan kalmomi a sunan kamfaninsa ko a tallarsa ta yadda jama'a za su ɗauka banki ne. Hukumar sa ido kan bankuna ta waɗannan ƙasashe, mai mazauni a Abijan, ita ke bin diddigin bankunan da aka amince da su. Haka nan muƙamin expert-comptable da na comptable agréé na waɗanda sunansu ke cikin rajistar ƙungiyar ONECCA ne kawai. Dillalin inshora shi ma sai da izini, bisa ƙa'idojin CIMA da ƙasashe suka rattaba wa hannu a Yawunde cikin 1992. Kenan layi ɗaya na ƙarin gishiri a kan kati yana iya kai mutum gaban alƙali.

Wanda ke da kamfaninsa na kansa, akwai lambobi biyu da suka fi kowane zane daraja: lambar NIF da ma'aikatar lanho ke bayarwa, da lambar RCCM, wato rajistar ciniki ta tsarin OHADA, wanda aka kafa da yarjejeniyar 17 ga Oktoba 1993 a Port-Louis. A sa su da ƙananan haruffa a ƙasan kati ko a bayansa. Ɗan kasuwar da ke son rasit da ma'aikatar lanho za ta karɓa, ko ma'aikacin gomnati mai shirya takardun kwangila, da ya gan su ya san yana magana da wanda hukuma ta sani. Shi kuma ma'aikacin gomnati, kamar na baitulmali ko na duwan, ya kamata katinsa na aiki ya tsaya ga aikin. Haɗa tambarin ƙasa da tallar shagon iyali a takarda ɗaya yana jawo zargi ko da zuciyar mutum fara ce.

Game da girma, an daɗe da yanke magana. A Faransa da ƙasashen da ke bin tsarinta, kati yana da milimita 85 a tsawo da 55 a faɗi, kusan daidai da katin banki, shi ya sa yake shiga jakar kuɗi ba tare da an lanƙwasa shi ba. Na Amurka ya ɗan bambanta, kamar 89 da 51. Katin da aka yanka da wata siffa ta daban, mai zagaye ko mai faɗin gaske, ba ya samun wurin zama, ƙarshensa kwandon shara. Takarda kuma ta zama mai kauri, mai nauyin giram 300 zuwa 350 a kowace murabba'in mita. Wadda ba ta ƙyalli ta fi dacewa da ƙasar nan: ba ta ɗaukar hasken rana ta kashe ido, ba ta nuna shatin yatsa, kuma alƙalami yana kama ta in ana son rubuta ranar haɗuwa ko wani adadi a baya.

Salon haruffa ɗaya ya wadatar, biyu su ne iyaka. Helvetica, wanda aka zana a Suwizalan cikin 1957, ko Garamond na tsofaffin maɗaba'un Faransa, duka suna karantuwa sarai. Sunan mutum ya fi sauran girma, kamar maki 10 zuwa 12 a ma'aunin masu ɗab'i, sauran kuma kada su gaza maki 8, domin yawancin masu dukiyar da ake nema dattawa ne, kuma dattijon da sai ya nemi tabarau ko ya kira ɗansa kafin ya karanta lamba, ya riga ya fara gajiya da mai katin. Launi biyu sun isa: baƙi ko shuɗi mai duhu a kan fari, sai launin tambarin ma'aikata. Hoton takardun kuɗi, da tulin zinariya, da kibiya mai hawa sama, duk a bar su. Su ne irin adon da masu alƙawarin ninka kuɗi cikin wata guda suke so, kuma mai sana'ar gaskiya ba ya son a yi masa kallon ɗaya daga cikinsu.

Sai kuma fili. Mai ɗab'i yakan ga wurin da ba a rubuta komai ba ya ce a cike shi, tunda an biya kuɗin takarda. A ƙi. Filin da aka bari shi ke kai ido kan sunan da lambar kai tsaye. A bar aƙalla milimita 3 zuwa 4 tsakanin rubutu da bakin kati, don kada wuƙar yanka ta ci harafi.

Bayan kati yana da nasa aiki. Da yawa daga manyan ƴan kasuwa sun fi sakewa da rubutun ajami ko Hausar boko a kan Faransanci, kuma abokan hulɗa na Najeriya Ingilishi suke karantawa. Fuska ɗaya da Faransanci, ɗaya da harshen abokin ciniki, ya fi a cakuɗa su wuri guda. In za a rubuta Hausa, a tabbata salon haruffan yana da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, domin wasu ba su da su, sai na'ura ta sa ɗan akwati a madadinsu ko ta aro harafin wani salo. Wanda yake son lambar nan mai murabba'i da ake karantawa da salula, wato QR, wadda wani kamfanin Japan ya ƙirƙiro a 1994, bayan kati ne wurinta, kuma ba ta ɗauke wa mutum rubuta lambar tarhonsa a fili.

Kafin a buga da yawa, a nemi mai ɗab'i ya fitar da gwaji ɗaya a kan ainihin takardar, domin launin da ake gani a kwamfuta ba shi ke fitowa a tawada ba. A ba wani ya karanta, a kuma buga lambar tarhon da ke jiki a ji ta shiga. Guda 100 ko 200 sun isa farawa: muƙami yana canzawa, biro yana tashi, kuma katin da aka soke lamba aka gyara da biki yana zubar da ƙimar mai riƙe da lissafin mutane.

Shi ma mai karɓar kati yana da nasa nauyi. Kowa yana iya zuwa maɗaba'a ya buga abin da ya ga dama da ƴan jikkuna kaɗan. Kafin a miƙa kuɗi, a je biron da aka rubuta a gani da ido, a tambayi ma'aikatar ko mutumin nata ne, in kuma banki ne ko asusun ajiya, a binciki izininsa. Babban bankin BCEAO yana wallafa jerin bankunan da aka amince da su, yana kuma da rassa a Yamai, Maraɗi da Damagaram. Katin da ya taƙaita ga gaskiya yana sauƙaƙa wannan bincike, mai shi kuwa ba ya tsoron a yi shi.