Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Jigawa Kan Ciwon Firgici

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan wani ciwo da ba kasafai ake kiran sunansa a asibitocinmu ba, wato ciwon firgici da tsoron fita da yake haifarwa. Roƙona guda ne: a koya wa ma'aikatan lafiya na matakin farko a Birnin Kudu da Gwaram maganinsa ta hanyar gajeren zaman tattaunawa, domin yana warkuwa, kuma bai kai kuɗin da majinyata ke zubarwa yanzu ba.

Mutum yana cikin harkarsa sai gabansa ya yanke ya faɗi, zuciya ta shiga dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, gumi ya keto masa, ya tabbatar ajali ya zo. Cikin 'yan mintuna abin ya kai ƙarshensa ya lafa. A asibiti a auna jini, a ce maleriya ce ko taifot ko olsa, a ɗaura ruwa a sallame shi. Bayan mako biyu ya dawo. Daga nan sai ya fara gudun duk inda abin ya taɓa kama shi: ɗan kasuwa ya daina zuwa kasuwar Sara, ya ƙi shiga mota, ya koma sahun ƙarshe a masallaci kusa da ƙofa, mace kuma ta bar zuwa awo da biki, a ɗauka kunya ce ko kulle. A 1986 masanin halayyar ɗan Adam David Clark na Ingila ya bayyana tushen abin: mutum ya ji ɗan canji a jikinsa, ya fassara shi da alamar mutuwa, tsoron ya ƙara bugun zuciyar, bugun ya ƙara tsoron.

A kan wannan fahimta aka gina maganin. Ma'aikaci zai zauna da majinyaci kamar rabin awa a mako, na 'yan makonni. Zai fahimtar da shi yadda tsoro da jiki ke ingiza juna, ya sa shi ya yi gudu a tsaye ko ya hau matakala har zuciyarsa ta buga da ƙarfi, ya gani da kansa cewa ba ta tsayawa. Sannan su tsara komawa wuraren da ya gudu daki-daki: yau ƙofar gida, jibi bakin titi, har tsakiyar kasuwa ba tare da ɗan rakiya ba. Ingila ta soma irin wannan shiri a faɗin ƙasa a 2008, inda ƙananan ma'aikata ke fara duba majinyaci, wanda abin ya ƙi kuma a miƙa shi ga ƙwararru. A Zimbabuwe likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zaman shawara da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna masu damuwar sun samu sauƙi.

Za a ce wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. To, likitocin nan 'yan ɗaruruwa ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma manomin Gwaram ba zai bar gonarsa ya tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ba, ko don gudun a ce ya haukace. Shirin lafiyar ƙwaƙwalwa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 ma ya tsaya ne a kan horar da ƙananan ma'aikata, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 kuma ta ɗora wa hukuma nauyin kula da masu irin wannan lalura. Za a kuma ce ma'aikata aiki ya yi musu yawa. Gaskiya ne, amma majinyatan nan suna cikin layin tun tuni, suna dawowa ana maimaita musu gwaji ɗaya. Wasu za su ce a ba su ƙwayar kwantar da hankali a huta. Irin su Diazepam suna lafar da tsoron na ɗan lokaci, sai jiki ya saba da su, a ƙara wa mutum wata cutar. Masu ganin iska ce ko sammu kuwa, ba sai an yi jayayya da su ba. Addu'a ba ta hana neman magani, kuma malamin da aka wayar wa kai zai fi kowa saurin turo majinyaci asibiti.

Shawarata ita ce a fara da ƙananan hukumomin nan biyu, Birnin Kudu da Gwaram. Likitocin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu su horar da ma'aikata su riƙa bibiyar aikinsu. Kwalejin jinya ta Birnin Kudu da ta fasahar lafiya ta Jahun su sa darasin a manhajarsu. A fara tantance kowa don kada a ɗauki ciwon zuciya ko asma ko ƙarancin jini a matsayin firgici. A naɗi darussan da muryar Hausa a tura ta waya saboda waɗanda ba sa karatun boko, mata kuma a ware musu ma'aikaciya mace, a sanar da mazajensu amfanin abin. Bayan shekara a ƙirga waɗanda suka koma sana'arsu, a yanke hukunci da wannan.

Ranka ya daɗe, a sa wannan horo cikin kasafin ma'aikatarku na shekara mai zuwa. Allah Ya yi muku jagora, Ya bai wa marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalam.