Kama da Wane Ba Ta Wane: Kamancin Lafazi da Asalin Kalma

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a azuzuwanmu, wato da zarar malami ya ji kalmomi biyu sun yi kama a lafazi, sai ya yanke hukuncin cewa tushensu ɗaya. A ganina wannan ganganci ne, domin kunne ba ya ba da shaida a kan tarihin kalma. Turanci, musamman kalmominsa na sara da waɗanda ba a cika amfani da su ba, cike yake da misalai.

A dubi “bamboo” da “booze” da “bamboozle”. Ta farko gora ke nan, kuma Turawa sun samo ta ne daga harsunan kudancin Asiya. Ta biyu kalmar sara ce mai nufin barasa. An daɗe ana yayata cewa daga sunan wani mai sayar da barasa a Filadelfiya, E. G. Booz, ta fito, alhali kuwa ta girme shi da ɗaruruwan shekaru, kuma danginta na cikin tsohon harshen Holan. Ita kuwa “bamboozle”, wato a yaudari mutum ko a rikita shi, babu ruwanta da gora. A shekarar 1710 marubuci Jonathan Swift ya jera ta cikin sababbin kalmomin da yake ganin suna gurɓata Turanci, ga shi har yau tana raye.

Wani zai ce ai wannan wasan masana ne kawai. To, a watan Janairun 1999, wani jami'i a ofishin magajin garin Washinton, David Howard, ya yi amfani da “niggardly” yana magana a kan kasafin kuɗi. Ma'anarta rowa ko maƙo, kuma tushenta yana cikin Turanci tun ƙarni na 14. Amma saboda ta yi kama da kalmar zagin nan da ake jifan baƙar fata da ita, wadda ta samo asali daga “niger” ta Latin, wato baƙi, sai aka yi masa ca har ya ajiye aiki. Daga baya aka mayar da shi.

Mu ma ba mu tsira ba. Malamai nawa ne suka koyar da cewa boko daga “book” ta fito? A shekarar 2013 Farfesa Paul Newman ya nuna cewa kalmar Hausa ce gangariya, mai nufin abin da ba na gaskiya ba. Tana cikin ƙamusun Bargery na 1934 da wannan ma'ana, kuma ga amaryar boko da biri-boko a bakin Hausawa. Tsarin sauti ma ya ƙi yarda: “cook” ta zama kuku a Hausa, ba koko ba, to ta yaya “book” za ta zama boko?

Don haka kafin ɗalibi mai shirin zama malami ya rubuta asalin wata kalma a allo, ya kamata ya nemi lokacin da aka fara ganinta a rubuce, ya duba ma'anarta ta wancan zamani, sa'annan ya gwada ko sauyin sautin da yake zato ya auku a wasu kalmomin aro, kamar yadda aka auna boko da kuku.